Kayan Annabi a fadar Santambul: kurakuran da aka fi yi

Hotunan ɗakin amanoni, inda aka ajiye kayan da ake dangantawa da Annabi a Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya a Santambul, suna yawo a Facebook da WhatsApp, ga alkyabba, ga tuta, ga takubba, amma bayanin da ake liƙa musu yakan zo da gyara.

Babban kuskure shi ne ɗaukar ɗakin a matsayin wurin ziyara da tabarruki kawai. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ba Ƙuraishawa ba ne, ba su da nasabar da Abbasiyawa suke tutiya da ita. Da Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517, Sharifin Makka Barakat ya aiko ɗansa da mubaya'a, kayan da suka biyo baya suka cike wannan gurbi. Shi ya sa ba a kai su masallaci ba. Cikin turakar sarki aka adana su, kuma a zamanin daular duk ranar 15 ga Ramadan sarki da kansa yake buɗe akwatin alkyabbar, manyan fada su shigo kowa bisa muƙaminsa. Idan za ka yi bayani, tambayi wa ke riƙe da makulli, wa ake bari ya gani.

Tutar ma haka. Mehmed na uku ya fita da ita yaƙin Hungari a 1596, Mahmud na biyu kuma ya fito da ita a 1826 don tara jama'a su murƙushe sojojin Janisari, wato nasa sojojin. Wanda ya ce ado ce, bai karanta wannan ba.

Wani kuskuren da ya shiga har littattafan makaranta: wai halifan Abbasiyawa na ƙarshe, Mutawakkil, ya miƙa wa Salim halifanci hannu da hannu. Marubutan zamanin Salim ba su kawo wannan biki ba. Labarin ya bazu ne a ƙarshen ƙarni na 18, bayan yarjejeniyar 1774 da Rasha, lokacin da daular ke neman hujjar shugabantar Musulmin da suka fita hannunta. Ka ce "an ce", ka faɗi lokacin da aka fara cewa.

Kada kuma ka jingina zuwan dukkan kayan ga 1517. Wasu kayan Fahri Pasha, kwamandan sojojin daular a Madina, shi ne ya aiko da su daga Madina a lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Alkyabba ma biyu ce a birnin: ta Topkapi ana danganta ta da Ka'abu bin Zuhairu, ta masallacin unguwar Fatih kuwa da Uwaisul Ƙarni.

Sai masu cewa al'adar Turkawa ce kaɗai. Sarki Filib na biyu na Sifen ya tara ƙasusuwa da kayan waliyyan Kirista sama da 7,000 a Eskoriyal, ginin da ya haɗa fadarsa da makabartar gidansu.