Yadda ake zana hoton yarinta a unguwar masaƙu

A Ingila akwai mai zane L. S. Lowry, wanda ya rasu a 1976. Ya shafe rayuwarsa yana zana masaƙun Salford da Manchesta: dogayen bututun hayaƙi, ma'aikata suna tuɗaɗowa daga ƙofa, yara da karnuka a tsakaninsu. Mu ma muna da irin wannan gari. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha, wato yankin su Lowry ɗin. Daga baya masaƙun UNTL (United Nigerian Textiles) da Arewa Textiles suka biyo. Wanda ya tashi a nan, ko a Bompai ta Kano, yana da abin zanawa.

Da farko ajiye burushi, ka nemi labari. Ka sami tsohon ma'aikacin masaƙa ko wata gwaggo da ta yi sayar da abinci a bakin get, ka tambayi ƙananan abubuwa: ƙarfe nawa ake canjin aiki, wane irin kaya ma'aikata ke sakawa, ina mai shayi yake kafa tebur, ta ina kwata ta bi. Tsofaffin hotunan gida suna taimakawa wajen ɗinki da aski, amma kada ka kwafe su. A hoton sutudiyo kowa ya ci ado ya ƙame, ba haka yara suke a titi ba.

Sai ka zaɓi sa'a ɗaya tak. Mafi armashi ita ce lokacin tashi daga aiki, da jiniya ta yi kuka, kekuna Raleigh suka cika titi, 'yan tallan gyaɗa da rake suka taso. Masu koyo kan so su cusa sallah da damina da ranar albashi duk a allo ɗaya, sai hoton ya rikice.

Yanzu ɗauki fensir ka yi zanen gwaji a takarda. Nan ne aikin yake. Ka sauko da idonka daidai tsayin yaro ɗan shekara bakwai. Daga can ƙasa katangar masaƙa ba ta da iyaka, bututun hayaƙi ya kusa fita daga takardar, manya kuwa ƙafafu ne da bakin riga da tayar keke. Lowry yakan hango taron daga sama, mutane su zama 'yan ƙanana, kuma hakan ya dace da shi domin aikinsa karɓar kuɗin haya ne, ɗan kallo ne a unguwar. Kai kuwa ɗan unguwa kake zanawa, don haka a ganina kallon ƙasa ya fi. Yi gwaji uku ko huɗu kafin ka taɓa fenti.

Shafe allon ko kyallen da launi guda, ka bari ya bushe sarai. Lowry fari yake shimfiɗawa, saboda sararin garinsu hayaƙi ne da hazo. Namu hazon na hunturu ne, sai ka ɗiga ruwan ƙasa kaɗan a cikin farin.

Kada ka tara launuka. Biyar kacal Lowry ya yi aiki da su: fari, baƙi, ja, shuɗi da rawaya mai duhu. Su ma sun ishe ka, in ka iya gauraya. Gine-ginen nesa ka fara, da fenti mai ruwa-ruwa, su dushe cikin hazo. Na kusa su fi duhu da kauri. Ja mai ƙarfi ka adana shi don wuri biyu ko uku: ɗankwalin yarinya, farantin talla, atamfar da aka shanya.

Mutane su ne na ƙarshe. Taron ma'aikata ba ya buƙatar fuska, ɗigon kai da karkacewar kafaɗa sun isa su nuna gajiya. Yaran ne za ka zauna a kansu. Kowane ya kasance yana wani abu: wannan na gara taya da sanda, waɗancan na langa, 'yan mata sun durƙusa suna carafke, wani ya ja motar gwangwani da zare, ƙaramin ya hango babansa ya sheƙa da gudu. A tsayuwa da motsi ake gane yaro, ba a ido da hanci ba.

Wani abu kuma, kewa takan wanke komai fes. Kada ka biye mata. Sa ruwan rini da ke bin kwata, sa ƙurar auduga a gashin ma'aikaci, sa yaron da ba shi da takalmi. Ko da yake Kaduna Textiles ta rufe a 2002, waɗanda suka yi aiki a ciki suna nan, kuma za su gane in ka yi wa wurin kwalliyar ƙarya.

In ya bushe, kai wa wanda ya ba ka labari ya duba, ka gyara abin da ya nuna. Sannan rubuta layi biyu ko uku a bayan allon: wace unguwa, wace shekara, su wa ke ciki. Helen Bradley ta yankin Oldham a Ingila, wadda ta fara zane bayan ta haura sittin don jikokinta su ga yarintarta, haka ta riƙa haɗa hotunanta da ɗan gajeren labari.