Yadda za ku shirya ɗaliban NCE kafin su haɗu da yara masu buƙata ta musamman

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wata ɗalibata ce da na je dubawa a TP, wato gwajin koyarwa da ake tura ɗalibai makarantu su yi, aji huɗu na firamare. Akwai wata yarinya a layin baya da ba ta ji sosai, ita kuma malamar tamu ta juya wa aji baya tana rubutu a allo tana ta bayani, minti talatin cur yarinyar nan ƙeyarta kawai take kallo. Da muka fito na yi mata magana, sai ta ce "ai Malam A na ci a kwas ɗin koyar da masu buƙata ta musamman." To ga A ɗin nan mun gani.

'Yan uwana masu koyar da malaman gobe, ku fara da fitar da su daga ɗakin lakca. In a Kano kuke ga makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki nan, in Filato ne ga makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take aiki. Amma don Allah ba ziyarar rana ɗaya ta raba biskit da ɗaukar hoto ba, a bar su sati biyu ko uku suna zama a aji, kowa a haɗa shi da yaro guda ya san sunansa da abin da yake iyawa.

Sai rubutun makafi, Braille. Ɗigo shida ne ake jujjuyawa, a ba kowane ɗalibi allon rubutun da ɗan tsinkensa ya huda sunansa da hannunsa, a nan zai gane daga dama ake hudawa zuwa hagu sannan a juya takarda a shafa daga hagu. Ba sai ya ƙware ba. Abin da ya fi wannan ma shi ne bakinsa ya saba, duk abin da ya rubuta a allo ya karanta da ƙarfi, ya daina cewa "a tara wannan da wancan" yana nuni da alli, ya ce bakwai a tara da biyar, kuma in zai yi tambaya ya kira suna ba "kai can" ba.

Kurame kuwa ihu ba ya amfani. A dawo da yaro gaba, malami ya fuskance shi, haske na faɗa wa fuskar malamin. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu asalinta ta Amurka ce, wani kurma Ba'amurke mai suna Andrew Foster ya kawo ta Ibadan a 1960, amma yaron Bahaushe yakan zo da tasa maganar hannun ta gida da kasuwa, kar ɗalibinku ya ce masa ba daidai ba ce, da ita za a ja shi zuwa ɗayar.

Farfaɗiya ita ce na fi jin tsoro, don da yaro ya faɗi sai kowa ya watse wai kar yawunsa ya taɓa mutum. Ba a ɗaukarta ta yawu. Ku sa ɗalibai su gwada a kan junansu: a janye benci, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a cusa cokali a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 sai asibiti.

Wani zai ce ai wannan aikin 'yan kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman da ke Oyo ne. Kwaleji nawa ce, makarantu nawa ne? Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba yaran nan haƙƙin karatu kyauta har sakandare, kenan ajin kowa za su shigo.

Ni dai yanzu lokacin gwajin darasi kati nake ba kowa, "a ajinka akwai mai keken guragu, ga matakala uku a ƙofa", ya nuna min yadda zai yi. A takardar makin TP ma na ware maki 10 don wannan, tun daga nan ba wanda ya sake juya wa aji baya in ina zaune.