Malamai masu zuwa koyarwa Kumasi, kar ku yi saurin biyan ejan

Salam 'yan uwa. In kun sauka, ku ɗan fake a wurin wani na sati 2, kar ku nemi ɗaki ta hannun ejan (dillalin gidaje) tukuna.

Ku riƙa sallah a masallaci ɗaya kullum, a unguwannin Zongo irin su Aboabo ko Asawase, bayan Magariba ku zauna wajen mai shayi a san fuskarku. Sannan ku faɗa wa liman da iyayen ɗalibanku kuna neman ɗaki.

A nan masu gida kuɗin shekara 1 ko 2 suke nema a dunƙule, ga kason ejan a kai, amma in dattijon unguwa ya tsaya maka ya ce malamin yaranmu ne, sai ka ga an karɓi na wata 6, ni haka aka yi min wallahi, kuma a benci ɗin mai shayin nan na samu abokan da nake da su yanzu.

Ku koyi "maakye" (ina kwana) da "medaase" (na gode) ma, Asante suna jin daɗin a gaishe su da yarensu na Twi.

Inda dabarar nan ba ta aiki: in makarantarka ta yi nisa da Zongo, kuɗin trotro (motar haya) da go-slo ɗin kasuwar Kejetia za su cinye rarar. Kuma ka tambayi maganar mitar wuta, ko ta haɗaka ce, kafin ka ba da ko sidi ɗaya.