Bindigar wasan kwaikwayo: yadda nake haɗa ta da yadda ake riƙe ta

Na daɗe ina kula da kayan wasa, tun daga ɗalibai masu wasan dandali a Samaru har masu ɗaukar fim a gindin dutsen Kufena. Cikin duk tarkacen da ke akwatina, bindiga ce kaɗai ke hana ni barci. Ga yadda nake bi da ita.

Kada ka ari ta gaske. Ko ta maharbi ce, ko ta 'yan bindigar hawan sallah, ko ta ɗan uwanka mai kaki da ya rantse ya zare harsashi, ka ce masa na gode. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu ana ɗaukar fim ɗin The Crow: kan harsashi ya maƙale a bututun bindiga ba a lura ba, aka ɗura mata wanda albarushi ne zalla, ƙarfinsa ya ingizo wancan. Ranar 21 ga Oktoba 2021 kuma, a jihar New Mexico ta Amurka, bindiga ta tashi a hannun Alec Baldwin, tsohon hannu a fim da dandali, ana cikin gwaji. Harsashin gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya ji wa darakta rauni. Wadda kotu ta ɗaure wata 18 ita ce mai kula da makaman. Wato mai irin aikina.

To, sai ka tafi wajen kafinta. Ni a Sabon Gari nake sa a yanka mini, da katakon maɗaci saboda nauyinsa. A wurin bututu ina sa rodi, ban taɓa yarda da fayif mai rami ba, don kada wani ya ɗauka ya ce ana iya ɗura mata albarushi. Baƙin fenti marar ƙyalli a jikin ƙarfen, in ya bushe ka goga bakin fensir a gefe-gefe, sai ta yi kamar ta sha hannu. Gindin kuwa man takalmi mai ruwan ƙasa ya wadatar. In ta maharbi ce, a yi ta doguwa, a naɗe ta da fata da tsohuwar robar keke, a rataya laya ɗaya ko biyu.

Nauyin nan wani dattijo ne ya koya mini shi, mutumin da ya fito a soja, ya fito a maharbi, ya fito a ɗan fashi tun kafin in san hanyar makaranta. Na miƙa masa ta farko da na haɗa, ina ta jin kai. Ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, "Yaro, wannan ai muciya ce." Na ce, "Baba, daga nesa wa zai gane?" Ya ce kafaɗarsa za ta tona mana asiri. Gaskiyarsa. AK-47 da harsashinta tana kai wajen kilo 4, wanda ya rataya ta kuwa tafiyarsa sai ta sauya, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka, in zai zauna sai ya nema mata wuri tukuna. Ɗan wasa da aka ba shi marar nauyi zai riƙa kaɗa ta kamar sandar kiwo, 'yan kallo su bushe da dariya a inda ake so su yi tsit.

A duba zamanin labarin ma. An taɓa kawo mini wasa kan shigowar Turawa Zazzau a 1902, darakta yana neman AK-47, alhali lambar da ke sunanta shekarar 1947 take nufi. Doguwa mai gindin katako na ba sojojinsa.

Wajen riƙo, katako ce amma dokar ta gaske muke bi, don hannu abin da ya saba shi yake yi. Yatsa ba ya hawa kunama sai lokacin harbi. Ba a saita baki a kan mutum, a kauce kamu ɗaya gefe. Daga kujerar ɗan kallo ko idon kyamara ba a ganewa. In an harba, kafaɗa ce ke komawa baya. Sababbin 'yan wasa kan cilla hannu gaba kamar masu jifa, a hana su tun a gwaji.

Ƙara ba ta da wuya. Faifan katako biyu da aka haɗa da hinji, a buga su a bayan labule, mai bugawa ya zuba wa kafaɗar ɗan wasa ido. A fim kuwa ƙara da walƙiya duk a kwamfuta ake sa su. Nokawut ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Saura fita da su waje, a wannan zamani da kowa ke kwana da ido ɗaya. Ka kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, ka gaida mai unguwa, a shaida wa 'yan banga rana da lokaci. Na taɓa sakaci, na ɗauko guda uku a buhu kan acaɓa, aka tsayar da ni a wani shingen bincike. Daga la'asar har isha ina zaune a ƙasa, sai da aka ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya aka ji katako ne. Ban ga laifin kowa ba. Tun ranar nake ɗaura jan ƙyalle a bakin kowace, takardar izini da rubutun wasan suna aljihuna. Ana tashi daga wasa nake karɓe su hannu da hannu, in ƙirga, in kulle akwati, kafin kowa ya je cire kwalliya.