Hayar mota a Amurka: ta hannun dillali ko kai tsaye wurin dila?

Na zo hutu gida Kano, muna zaune a ƙofar gida a Gwammaja bayan isha, sai ɗan yayata da ke shirin tafiya Niyok ya ce, "Kawu, ance can ba a sayen mota, haya ake yi. Dillali zan nema ko kamfani zan nufa?" Amsar ta fi ƙarfin hira ɗaya, shi ya sa na rubuta ta don shi da ire-irensa.

Abin da suke kira lis haya ce ta dogon zango, galibi wata 36. Kada ka haɗa shi da tsarin 'yan Adaidaita Sahu, inda mutum ke kai balas har babur ya zama nasa. Nan in wa'adi ya cika mayar da mota za ka yi, sai dai in ka biya kuɗin da aka rubuta tun farko cewa shi ne darajarta a ƙarshe. Kuma ana ƙayyade maka tafiya: mil 10,000 ko 12,000 ko 15,000 a shekara. Kowane mil da ka ƙara akwai tara, sau da yawa tsakanin santi 15 zuwa 30 (santi ɗari ne dala ɗaya). Ka wuce da mil 5,000 a kan santi 25, dala 1,250 ke nan ranar mayarwa.

Bakano ba ya buƙatar a koya masa dillanci. Dillalin can ma ba shi da mota ko ɗaya. Waya gare shi da sanin mutane: ya san dila, wato mai shagon sayar da motoci, wanda wata ya kusa ƙarewa bai sayar da adadin da kamfanin ƙera motar ya ɗora masa ba, ya san rangwamen da aka fitar a watan. Shi zai yi cinikin, wani lokaci har ƙofar gida a kawo maka motar. Amma takardar da za ka sa wa hannu ta dila ce, mai motar kuma kamfanin kuɗi ne, irin Toyota Financial Services. In an sami matsala bayan wata shida, ba dillali za ka kira ba.

Tambayar da nake so ka fara yi masa ita ce: wa ke biyan la'adarka? Wani kai za ka biya, 'yan ɗaruruwan daloli, ya faɗa maka tun farko. Wani zai ce kyauta yake yi, alhali dila ke biyansa, kuma kuɗin na cikin abin da kake biya duk wata. Ni na fi natsuwa da na farkon. Wanda ya nemi kuɗi mai kauri kafin ya nuna maka lissafi a rubuce, yi masa sallama. A wasu jihohi kamar Kalifoniya sai da lasisi ake wannan sana'a, don haka neman ganin lasisi ba rashin kunya ba ne.

Zuwa wurin dila kai tsaye yana da daɗinsa, za ka ga motar, ka tuƙa ta, babu la'ada. Sai dai za su zaunar da kai awanni suna tambayar nawa za ka iya biya a wata. Kada ka amsa. Yi ciniki a kan farashin motar kanta, kamar saye za ka yi. Sannan ka nemi lambar nan da suke kira money factor, wadda kuɗin ruwa ne da aka sauya wa riga. Ninka ta sau 2,400: in an ce 0.0025, kashi 6 cikin ɗari ke nan a shekara. Dila na iya ƙara nasa a kai bai faɗa ba. A nan ne kuma mai tsoron riba zai tsaya ya tambayi malami kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Matsalar sabon zuwa dai ba dillali ba ce, kiredit ne, wato makin da ke nuna yadda ka saba biyan bashi. Makin yana tsakanin 300 da 850, kai kuwa ba ka da ko ɗaya, domin ba ka taɓa cin bashi a ƙasar ba. Babu dillalin da zai ƙirƙiro maka shi. Ko dai a nemi wani ya tsaya maka, wanda in ka gaza biya sunansa ne zai ɓaci, ko a ce ka zube kuɗi da yawa a gaba. Wannan na biyun akwai haɗari: in motar ta yi hatsari ta tashi aiki, inshora za ta biya mai motar ne, wato kamfanin kuɗin, abin da ka zube da wuya ya dawo.

Yawancin yarjejeniyoyin ma sun hana yin Uber da motar, balle a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Legas.

Abin da na ce wa yaron shi ne, shekarar farko ya sayi tsohuwar Corolla da kuɗinsa a hannu, ya buɗe katin kiredit yana biya kan lokaci. In maki ya taru, ya tura wa diloli uku saƙo su ba shi farashi a rubuce, ya ɗauki farashi mafi sauƙi a cikinsu ya kai wa dillali ya ce, "In za ka iya yin ƙasa da wannan har da la'adarka, bismilla." Yaron ya yi shiru, sannan ya ce shi fa Camry sabuwa ya riga ya faɗa wa abokansa.