Yadda Ake Buɗe Sabon Kwas ɗin Digiri a Babbar Jami'a: Misali Daga ABU Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta fara aiki ranar 4 ga Oktoba, 1962 da tsangayu huɗu, sassa 15 da ɗalibai 426. Yau ɗalibanta dubun-dubata ne, a Samaru da Kongo da Shika. Yawancin wannan girma kwas-kwas aka yi shi: wani sashe ya kawo buƙata, takarda ta bi majalisu, hukuma ta zo ta duba, sannan aka ɗauki ɗalibai. Wannan bayani na shugabannin sassa ne da malaman da aka ɗora wa aikin rubuta takardar neman sabon kwas a jami'ar tarayya. Abin da ya fi kashe irin wannan yunƙuri shi ne sauya jerin matakan, musamman ɗaukar ɗalibai kafin a sami malamai da izini.

A fara ƙirga malamai

Kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhaja, a zauna da alƙalami a yi lissafi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana da ma'aunin yawan ɗaliban da malami ɗaya zai ɗauka: 30 a fannonin adabi da zamantakewa da shari'a da ilimi, 20 a kimiyya, 15 a injiniya da aikin gona, 10 a likitanci. Tana kuma son kason muƙamai ya zama 20 cikin 100 farfesoshi da masu bi musu, 35 manyan malamai, 45 na ƙasa da su.

Ɗauki kwas ɗin injiniya na shekara biyar da za a riƙa ɗaukar ɗalibai 60 duk shekara. Idan ya cika aji biyar, ɗalibai 300 ke nan, wato malamai 20: huɗu a sama, bakwai manyan malamai, tara ƙanana. Ƙananan ba su da wuyar samu, cikin waɗanda suka gama da sakamako mai kyau ma za a tsinta. Bakwai ɗin tsakiya su ne ciwon kai, don babban malami sai ya yi digiri na uku, ya wallafa bincike, ya shekara yana koyarwa. Ba a samar da shi cikin shekara biyu. Saboda haka idan babu su a ƙasa, a rage adadin ɗaliban farko zuwa 25 ko 30, a tura matasa ƙaro karatu tun yanzu, yadda za su dawo daidai lokacin da kwas ɗin ya kai aji huɗu.

A duba kuma ko akwai wata cibiyar bincike da kwas ɗin zai jingina da ita. ABU kanta haka ta tashi: ta gaji tashar binciken aikin gona ta Samaru da aka kafa a 1922, da gonar dabbobi ta Shika ta 1928, da makarantar horar da ma'aikata ta Kongo. Shi ya sa aikin gona da likitancin dabbobi da nazarin mulki suka yi saurin tsayawa da ƙafarsu, domin sun tarar da masu bincike da gonaki da ɗakunan gwaje-gwaje. Kwas ɗin da zai ci moriyar cibiyar binciken aikin gona, IAR, ko ta binciken kiwon dabbobi, NAPRI, ko asibitin koyarwa na Shika ya fi wanda zai fara daga fili sauƙin wucewa nesa ba kusa ba.

Manhaja

Tun Disambar 2022 NUC ta fito da sabon kundin manhaja, CCMAS. Kashi 70 cikin 100 na darussan hukumar ce ta tsara, saura 30 jami'a ke cikewa da nata. Kwas mai shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120 (yunit shi ne ma'aunin nauyin darasi) kafin ɗalibi ya kammala, mai shekara biyar kuma 150. Kuskuren da aka saba yi shi ne a cike kashi 30 ɗin da darussan da malaman da ke nan suka riga suka iya koyarwa, ko da ba su da alaƙa da kwas ɗin. Wannan gurbi na abin da yankin ke buƙata ne. Mai tsara kwas a Zariya yana da noman rani da zaizayar ƙasa da kiwo da sarrafa hatsi a bakin ƙofarsa. Kowane darasi a rubuta masa lamba, yawan yunit, abin da ɗalibi zai iya yi bayan ya gama shi, da sunan malamin da zai koyar. Idan suna ɗaya ya bayyana a darussa takwas, kwamiti zai gane cewa ba ku da mutane.

Hanyar da takarda ke bi a cikin jami'a

Takardar tana fara zama a taron sashe, daga nan ta je majalisar tsangaya ƙarƙashin shugabanta. A nan ake fara samun tirjiya, kuma galibi ba a kan ilimi ba ne. Wani sashe zai ga sabon kwas ɗin zai kwashe masa ɗalibai ko ɗakin lacca, wani kuma an sa shi koyar da darussan shekarar farko ba tare da an tambaye shi ba. Maganin abin shi ne a je wurin waɗannan shugabannin sassa tun kafin taro, a karɓi amincewarsu a rubuce, a liƙa a bayan takardar. Sashen lissafi da na kimiyyar sinadarai da na fiziya su ke ɗaukar nauyin ɗaliban aji ɗaya na kusan duk kwasa-kwasan kimiyya, don haka su za a fara gaisarwa.

Daga tsangaya sai ofishin tsare-tsaren karatu, wanda ke auna buƙatar da babban tsarin jami'a, shi ne kuma ke hulɗa da NUC. Bayan kwamitinsa ya tace, sai a gabatar wa Sanet, majalisar da ke da iko a kan duk abin da ya shafi karatu: manhaja, jarrabawa, ba da digiri. Shugaban jami'a ke jagorantarta, farfesoshi da shugabannin tsangayu da na sassa ke zama a ciki. Amma Sanet ba ta riƙe da lalita. Kuɗi da dukiya da ɗaukar ma'aikata na hannun Majalisar Gudanarwa, wadda ta haɗa mutanen da gwamnati ta naɗa daga waje da wakilan cikin gida, ciki har da huɗu daga Sanet da biyu daga taron ma'aikata masu digiri. Kwas na iya samun amincewar Sanet ya kwana a gaban kwamitin kuɗi na Majalisar Gudanarwa, saboda ba a nuna inda albashi da kayan aiki za su fito ba.

A lura da kalanda. Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, Majalisar Gudanarwa kuma shekara huɗu. Takardar da aka shigar a watannin ƙarshe na wa'adi, ko a lokacin da babu majalisa a kan kujera, tana iya yin shekara ba a taɓa ta ba. Rajistara shi ne sakataren majalisun biyu, kuma daga ofishinsa za a karɓi kwafin hukuncin da aka yanke da lambar zaman. A adana shi da kyau, domin shi NUC za ta fara nema.

Kuɗi

Tun da gwamnatin tarayya ta karɓi ABU a 1975, albashi daga wurinta yake zuwa. Wannan na nufin sabon gurbin malami yana buƙatar izini da tanadi a kasafin kuɗi, kuma jami'a ba ta iya yanke wannan ita kaɗai. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi, tana gina ɗakunan lacca, tana sayen kayan gwaje-gwaje da littattafai, tana biyan karatun malamai, amma ba ta biyan albashi. Ba ta kuma sayen man janareta duk wata. Waɗannan kuɗaɗen yau da kullum, wato sinadarai, gyaran na'ura, fita da ɗalibai aikin fili, alawus na mai jarrabawa daga waje, daga kuɗin shigar jami'a suke fitowa, kuma su ne masu rubuta takarda suka fi mantawa. A yi musu shafi na musamman, shekara-shekara har biyar.

Zuwan NUC na farko

Bayan majalisun cikin gida sun amince, jami'a za ta rubuta wa NUC, ita kuma ta turo tawagar duba kayan aiki. Ba a ɗaukar ɗalibi ko ɗaya kafin takardar izini ta fito. Sai da ita JAMB ke saka kwas ɗin a jerinta, kuma tun 2017 duk wani gurbi ta CAPS, tsarin JAMB na ba da gurbi ta intanet, yake bi. Ɗalibin da aka shigar ta bayan fage zai gane kurensa ne ranar da aka zo tura sunaye bautar ƙasa.

Wasu fannoni suna da mai gida na biyu, wato hukumar da ke kula da sana'ar: COREN ga injiniya, MDCN ga likitanci, Majalisar Koyar da Aikin Lauya ga shari'a. Wasunsu har adadin ɗalibai suke ƙayyadewa. Idan an ba ku gurbi 50 kuka ɗauki 120, saura 70 ɗin za su gama karatu su tsaya jiran layi kafin a yi musu rajista.

Tantancewa

Idan kwas ya kai aji uku, ya isa a tantance shi. Sakamako iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko hanawa, wadda ke dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Cikakkiya tana buƙatar maki 70 cikin 100 a jimla, da kuma 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu: manhaja, malamai, gine-gine da kayan aiki, laburare. Kwas mai maki 80 a jimla na iya faɗawa wucin gadi saboda laburare kaɗai.

Tawagar ba ta tsayawa a ofishin shugaban sashe. Za su ce a kawo fayil ɗin kowane malami da takardar ɗaukarsa aiki, su gwada da jerin masu karɓar albashi. Za su ɗauko takardun jarrabawar da aka riga aka duba su haɗa da tsarin ba da maki, su karanta rahoton mai jarrabawa daga waje, su buɗe rajistar halartar lacca. A ɗakin gwaje-gwaje wani zai nuna na'ura ya ce a kunna. A nan ake jin kunya: na'urar tana cikin akwatinta da ledar kamfani, saboda tana buƙatar wuta mai layi uku ginin kuma layi ɗaya aka ja masa, ko ma'aikacin da aka koya wa sarrafa ta ya yi ritaya. Don haka lokacin sayen kaya a sa girkawa da horar da ma'aikata biyu cikin kwangilar, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an ga na'urar tana aiki.

Sanannen abu ne cewa a wasu jami'o'i akan aro malamai da kayan aiki na mako guda don wannan ziyara. Ko an tsallake, ɗalibai ne za su zauna da malamai biyar a inda takarda ta ce goma sha biyar.

Abin da zai faɗa kan gari

Ɗalibai 300 na misalinmu suna buƙatar wurin kwana da ruwa da abin hawa. Ɗakunan kwanan Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo ba sa ɗaukar kowa, don haka ragowar a Samaru da Hayin Dogo da Palladan da Zango suke kama haya. Duk ƙarin gurbi yana taɓa kuɗin ɗaki, da layin mai ruwa, da cinikin masu abinci da masu buga takardu da 'yan acaɓa. Yajin aikin malamai na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna wa 'yan kasuwar Samaru iyakar dogaronsu da jami'a. A saka shafi ɗaya a takardar da ke faɗin inda ɗaliban za su kwana, da ko ruwan da jami'a ke samu daga madatsar Kubanni zai ishi sabon ginin. Ofishin kula da harkokin ɗalibai da sashen ayyuka su za a tambaya, kuma da wuya a ga mai neman kwas ya leƙa wurinsu.

Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Ke nan wani kaso mai tsoka na ɗaliban kwas ɗin 'yan yankin ne, kuma a yankin da yawansu za su nemi aiki. Kafin a kai takarda Sanet, a samo wasiƙu daga ma'aikatu ko kamfanoni ko gonakin da za su karɓi ɗalibai aikin sanin makama. Irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA da kajin Shika Brown sun isa hannun manoma ne saboda akwai NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma, da malaman gona masu kai sakamakon bincike ƙauye. Sabon kwas ma a rubuta masa tasa hanyar: wa zai yi amfani da binciken ɗaliban ajin ƙarshe, kuma wane malami aka ɗora wa kai musu shi.