Kurakuran da muke yi wajen koya wa yaro mai galahanga faɗin buƙatarsa

A gidajenmu na Zariya, kuskuren da ya fi cinye lokaci shi ne jira. Yaro ya shekara uku bai ce "Mama" ba, sai kaka ta ce a ƙyale shi, ai kawunsa ma ya yi nauyin baki. Wasu kuma su ɗora wa iska. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A kai shi asibitin koyarwa na Shika, a fara da gwajin ji, domin kurumta da galahanga (wato autism, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane) sukan yi kama a idon iyaye. Kuma ba sai sakamako ya fito ba za a fara ba shi wata hanyar nuna abin da yake so.

Iyaye da yawa suna tsoron idan ya saba da hoto ko alamar hannu, bakinsa ba zai buɗe ba. Binciken masana bai nuna haka ba. Wasu yaran ma ta nan kalma take fara zuwa musu. Tsarin musayar hoto da ake kira PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fito da shi a Amurka a 1985, a kan abu guda ya tsaya: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi nan take.

To, a nan ne muke ɓata shi. Sai a sauko da hotunan tuffa da 'yar tsana daga intanet, alhali abin da yaron yake kuka a kai ƙosai ne. Ki yi amfani da wayarki ki ɗauki hoton kofinsa, da kunun gyaɗarsa, da buta, a wanko miki a Sabon Gari, a lulluɓe da leda. Ki fara da ɗaya tak, wanda ya fi so. A matakin farko mutum biyu ake buƙata: ke a gabansa riƙe da ƙosan, yayarsa a bayansa tana taimaka masa ya miƙa katin ba tare da ta ce uffan ba. Kullum ta riƙa rage taimakon. Idan har kullum hannun babba ne yake jan nasa zuwa hoto ko harafi, saƙon na babban ne, ba na yaron ba.

Abin da ya fi min ciwo shi ne a ga ya miƙa katin, sai a riƙe abin a ce, "Sai ka ce ruwa." Ya riga ya faɗa! Ki ba shi, ke ki furta "ruwa" yana ji. In aka mayar da katin jarrabawa, zai jefar ya koma kuka da cizo.

Akwai kuma uwar da, saboda ƙauna, take miƙa komai tun bai nema ba. A ɗan dakata masa, ko da ƙirga goma ne a zuci.

Kada katunan su tsaya kan abinci. Yana buƙatar "a'a", da "ya isa", da "ciwo", da "bayi". Kuma kada a kulle su a durowar malama idan an tashi. A ɗaure su da zare a jikin jakarsa, su bi shi islamiyya da gidan kaka, a nuna wa Baba da 'yan uwansa yadda ake amsa masa.